Neman kalmar Hausa: ruwan da ake ɗura wa mutum kafin hoton asibiti, rini ne?

1/ Jama'a, ku taya ni neman kalma. Makon jiya na raka Gwaggona a yi mata hoton CT na ciki. Ma'aikacin ɗakin hoton, yaro mai ladabi, ya so ya yi mata bayani da Hausa, sai ya ce, "Mama, za mu sa miki rini a jijiya." Ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Rini kuma? Ɗan nan, ni shadda ce?" Sai da aka yi ta lallami kafin ta miƙa hannu. Ban ga laifinta ba. Shi ma yaron ban ga nasa ba, don abin da ya ji Turawa na faɗa ne ya juyo mana. A tsakaninsu ma'aikata "kontiras" suke cewa, wanda ba ya gaya wa Gwaggo komai.

2/ Ba a raɗa wa jariri suna sai an duba shi. Hasken X-ray da Rontgen ya gano a Jamus a 1895 yana ratsa tsoka ya tsaya a ƙashi, shi ya sa ƙashi ke fita fari fat, amma hanji da ƙoda da jijiyoyi su cuɗe wuri ɗaya, duk launin toka. Dabarar ita ce a cika wurin da ake son gani da wani abu mai tare hasken. Aidin yana tarewa, bariyom ma haka. A 1929 Moses Swick ya nuna a Balin cewa za a iya zuba haɗin aidin ta jijiya a ga hanyar fitsari. Na MRI daban ne, gadoliniyom ne a ciki, aikinsa da maganaɗisu yake yi, kuma a 1988 aka fara sayar da shi. Wanda aka sa wa Gwaggo garau yake kamar ruwan famfo, ba ya rina komai, kuma ƙoda mai lafiya tana fitar da akasarinsa ta fitsari cikin kwana ɗaya.

3/ Saboda haka na soke "rini". Duk wanda ya taɓa ganin hannun marini a Ƙofar Mata ya san ma'anar rini a kunnen Bahaushe: abu ne mai kamawa, ba ya sakin wanda ya kama. Ka ce wa tsohuwa za ka zuba mata shi a jini, me kake so ta ji? Ƙari a kan haka, akwai rini na gaskiya a asibiti, kuma yana buƙatar sunansa. Akwai mai ruwan ɗorawa da likitocin ido ke amfani da shi, har fitsari ya canza launi. Akwai shuɗi da ake kira metilin, wanda ke da haɗari ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma irin waɗannan suna da yawa a cikinmu. A bar musu kalmarsu.

4/ Shawarwari sun fara shigowa, na gode. Malam mai cewa "allurar hoto", ka yi kusa, amma bariyom sha ake yi, fari ne mai kauri kamar kunu, wani lokaci ta dubura ake ɗurawa. Wanda ake duba bututun mahaifa da shi kuma ta gaba ake sa shi. "Maganin hoto" ba ya warkar da kowa, ina gudun mutum ya ɗauka an gama yi masa magani ya ƙi komowa karɓar sakamako. "Ruwan hoto" zai rikice da man da ake shafa wa mai juna biyu wajen sikanin.

5/ Hajiya da kika kawo "kwallin hoto", wallahi kin burge ni, na daɗe ina juya shi a baki. Kwalli ba ya ƙara wa ido komai, fito da shi kawai yake yi, kuma ainihin aikin wannan ruwa ke nan. Sai dai kwalli baƙi ne, wannan kuma fari yake fitowa a allo. Sannan likitocin yara sun daɗe suna faɗa da tozali saboda dalmar da ke cikinsa, ba zan so a kai sunan bakin jijiya ba. Da takaici na ajiye shi.

6/ Nawa zaɓin: RUWAN HASKA HOTO. Mutanenmu tuni suna cewa "an haska cikinta", ba baƙuwar magana ba ce. Wurin da ruwan ya shiga haske yake yi a hoton, ko CT ko MRI. Kalmar ba ta ce allura ba, ba ta ce sha ba, ta ɗauke su duka. In ana son rarrabewa sai a ce mai aidin, ko mai bariyom, ko na MRI.

7/ To, takardar da aka ba mu mu sa hannu ta ɓullo da wata kalmar: abin da ke faruwa idan jiki ya ƙi ruwan. A nan ba sai mun ƙirƙira ba, muna da "borin jini". Wani ya rubuto "ƙin jini", na ce a'a Yaya, wannan tsakanin kishiyoyi ake yin sa. Aibin borin jini ɗaya ne, mutane sun san shi a fata kawai, ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu. Wanda ke kisa kuwa shi ne mai kumbura maƙogwaro, ya shaƙe numfashi, ya kayar da bugun jini, wanda sai an yi gaggawar allurar adirenalin. Wannan a kira shi "borin jini mai shaƙewa". Yawanci cikin sa'a ɗaya yake tasowa, amma akwai na fata da ke jinkiri har kwanaki, kuma yana iya kama mutum a karonsa na farko. Zafin da ke ratsa jiki, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da jin kamar fitsari ya kuɓuce, waɗannan ba bori ba ne, mutane da yawa na jin wani abu daga ciki. Gwaggo har zaninta ta shafa.

8/ Kada in tsorata ku. Wani babban bincike na Japan da aka buga a 1990 ya bi allurai 337,647. Da tsohon samfurin ruwan mai aidin, kashi 0.22 cikin ɗari ne suka yi bori mai tsanani. Da sabon, wanda tunaninsa ya faro daga Torsten Almen ɗan Suwidin a 1969, ya sauka zuwa 0.04, wato huɗu cikin dubu goma. Kuma kada a rubuta "borin aidin". Aidin yana cikin gishirin miyarmu, rashinsa ne ma ke kawo maƙoƙo. Jiki da ɗaukacin haɗin yake faɗa, shi ya sa sauya samfuri ke rage maimaituwar borin.

9/ Kalma ta uku ita ta hana ni barci. An tambayi Gwaggo ko abin ya taɓa samun wani a danginta. Tambayar tana da tushe. A Koriya ta Kudu an bi mutum 196,081, aka buga sakamakon a 2019: 1,433 sun yi bori, 17 mai tsanani. Wanda ɗan'uwansa ya taɓa yi, yiwuwar ta ninka masa kusan sau 14. Wanda shi kansa ya taɓa yi ya zarce haka nesa ba kusa ba, masu asma da masu borin wasu magunguna su ma suna cikin lissafi. Wani ƙaramin bincike a can kuma ya ga ƙwayar halitta mai suna HLA-DRB1*15:02 ta fi yawa a cikin waɗanda borinsu ya shaƙe su. Amma ba a kai ga gwajin jini kafin hoto ba, irin wanda ake yi na HLA-B*57:01 kafin a ba mai cutar ƙanjamau abakabir. Tambayar baki ita ce gwajin da ke hannu, don haka dole kalmarta ta zauna daidai.

10/ Da yawanku kun ce "gado". Ina da ja biyu. Bahaushe ya ji ciwon gado sai ya tuna sikila, inda lissafin a bayyane yake: AS ya auri AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu. Nan ba haka ba ne. Barewa tana iya gudu a nan ɗanta ya yi rarrafe, galibin 'ya'yan masu borin lafiya lau za su tashi daga kan na'urar. Na biyun kuma, ku rubuta "matsalar gado" a takardar asibiti ku miƙa wa ɗan jinya. Zai ce ya sani, tun jiya suke kwance a baranda. Rubutunmu ba ya bambance gadon kwanciya da gadon uba.

11/ Na tsaya a kan "yana iya bin dangi". "Iya" ɗin ce ke ɗauke da nauyin, kada a yar da ita. Ga yadda zan so a karanta wa mara lafiya:

"Za a sa miki ruwan haska hoto ta jijiya. Ba shi da launi, zai fita ta fitsari. Za ki ji zafi ya ratsa ki, zai wuce. An taɓa sa miki shi kika yi borin jini? Kina da asma ko ciwon ƙoda? Borin yana iya bin dangi: ya taɓa samun iyayenki, ko 'yan'uwanki, ko 'ya'yanki?"

12/ Na gwada wa Gwaggo shi daren jiya bayan isha'i. Ba ta tambayi ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ta yi shiru, can ta ce ai ƙanwarta da aka yi wa hoton ƙoda shekarun baya, leɓɓanta sun kumbura har aka kwantar da ita. Ranar da muke asibitin, wannan tambayar "a'a" ta amsa. Na rubuta a katinta kafin hoto na gaba. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku da likitocinku suka yi karatu da Faransanci, me ake ce wa ruwan nan a wajenku?