Gyaran ɗaki da hannu kafin Sallah: kowa ya faɗi abin da ya same shi

Maman Biyu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Yau mun kai azumi 12, kuma jiya maigida ya yanke hukunci: kuɗin Sallar bana na ɗinkin yara ne da cefane, zancen sabon labule da leda sai wani jiƙon. Ban ga laifinsa ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya ganin tsakiyar wata. Sai dai falona ya gaji. Bangon ya yi baƙi daidai inda hannun tagwayena yake kaiwa, kujerun kuma sun koɗe. Dangin mijina daga Jega suke zuwa mana yawon Sallah, mota guda cur, kuma kun san idon dangin miji. Don Allah duk wadda ta taɓa gyara ɗakinta da hannunta ta gaya mini yadda ta yi, har da abin da ya ba ta kunya. Hotunan intanet na kalla har na gaji, wanda ya faru da ku nake son ji.

Gwaggo, Argungu

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Jikata ka rubuta min wanga, ni ido ya yi rauni. Mu da munka tashi babu mai sayen fenti don Sallah, farar ƙasa munka sani. Ki jiƙa ta cikin bokiti ta kwana biyu, ki dama, ki tace da tsumma don tsakuwa ta fita. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne ƙaro. Ki jiƙa shi daban har ya narke, sannan ki juye ciki. In babu shi, duk wanda ya jingina da bangon zai tashi da farin baya awa wanda ya fito injin niƙa. Ki sa bula kaɗan, kan cokali, ita ka sa farin ya yi haske. In kin shafa kinka ga bango ya yi toka-toka kada gabanki ya faɗi, haka take in tana ɗanya, sai ta bushe take nuna kanta. Hannu biyu za ki yi, ki bar kwana guda tsakani.

Ƙasan ɗaki kuwa daɓe ne, kuma tun watan Sha'aban ake yin shi, don ba aikin mai azumi ba ne. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, matan unguwa su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, mai ɗaki ta dama musu fura. Bayan nan a jiƙa ɓawon ɗorawa, makuba ke nan, a riƙa yayyafa ruwan ana sake bugu kwana uku ko huɗu, har ƙasan ya yi duhu yana ƙyalli. Wasu bagaruwa suke sawa. Na san falonki siminti ne, ba daɓe za ki yi ba, abin ne ya taso min. Ɗakin da anka daɓe min ina amarya ya haura shekara 20 bai fashe ba. Simintin da ɗana ya zuba min damina uku ya yi ya tsage.

Uwar Gida, Gusau

Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya. Ni nawa labarin na kunya ne. Shekarar da na tare na yi ta ɗaga fentin falo, yau gobe yau gobe, har ranar azumi na 29. A lissafina wata zai cika 30, ina da jajibere guda a hannu. Da la'asar ƙanina ya shafa mini fenti mai mai, kore, daga ƙasa zuwa ƙugu, irin wanda ake sirkawa da kananzir. Muna idar da isha'i sai ga sanarwa a rediyo, Sarkin Musulmi ya ce an ga wata, gobe Sallah. Wallahi zama na yi a tsakar gida da ludayi a hannu. Muka kwana ƙofa da taga a buɗe, babu wuta balle fanka. Da safe bangon yana kama yatsa.

Ana saukowa idi ɗan yayar mijina ya shigo da farar shaddarsa sabuwa fil, ya jingina yana cin cincin, ya tashi da koren layi daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Uwarsa ta kalli rigar, ta kalli bangon, ba ta ce uffan ba, kuma da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Yaron nan yanzu yana jami'a, har yau "Anti mai kore" suke kirana a gidansu. Warin kuwa turaren wuta kasko uku bai kore shi ba, haɗuwa ma suka yi suka zama wani abu daban.

Maman Biyu, duk abin da yake son bushewa ki gama shi kafin azumi 25. Sannan ki shafa bangonki ki ji. In fenti mai mai ne, mai santsin nan, farar ƙasar Gwaggo ba za ta zauna ba, ɓarewa za ta yi. In na ruwa ne, bismillah.

Malam Na Anka

Ku yi haƙuri in tsoma baki a zancen iyayenmu mata. Farar ƙasa a saya wurin waɗanda aka sani da ita a kasuwa. Amma mai niyyar yaɓe ko daɓe ya san ramin da ya ɗebo ƙasarsa, don mu nan mun ga abin da ƙasa take yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe aka zubo sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suna ba yara magani. Tun daga nan mahaifiyata ba ta yarda a shigo mata da ƙasar da ba ta san asalinta ba, ko da ta yaɓen murhu ce.

'Yar Tela, Ƙauran Namoda

Allah ya jiƙan yaran nan, Malam, ya kiyaye na gaba.

Yaya Maman Biyu, kujerunki ki bar mini. Babanmu tela ne, kuma a watan azumi ƙyalle a shago har gwiwa. Ki ce wa mai ɗinka wa yaranki ya tara miki, yawanci kyauta ne, shara kika rage masa. Amma ki je yanzu, don daga azumi 20 tela ko sallama ba ya amsawa.

Bara rigunan filo 6 na yi. Na yanka kwali mai kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu da ɗan ƙari saboda bakin ɗinki, shi ne ma'aunina. A kansa na yanka ƙyallayen, na haɗa 16 a kowace fuska, huɗu a tsaye huɗu a kwance. Kada ki ce duk kalar da kika samu sai ta shiga. Na farkon da na yi haka ya fito kamar rigar 'yan tashe. Ki tsaya a kala biyu ko uku, ki riƙa raba su da shadda marar zane don ido ya huta. Kuma ki wanke ƙyallen kafin ki ɗinka, akwai atamfar da take zuba. Jan ƙyalle ɗaya tak ya ɓata mini farin filo guda a wankin farko. Ƙananan da suka rage na ba ƙannena suka yanka masu kusurwa uku, muka jera a igiya muka ɗaura daga dogon yaron tsakar gida zuwa bakin zaure. Yaran unguwa sun fi murna da wannan a kan filon da na kwana ina yi.

Mama daga Zuru

Barkanku da azumi, maƙwabta. Mu namu gyaran a Disamba yake, amma aljihun iri ɗaya ne. Bishiyar Kirsimeti asalinta al'adar Jamus ce, a can itacen da ba ya kaɗe ganye suke sarowa. Nan ta roba ake sayarwa, ni kuwa ban taɓa saya ba. Busasshen reshe nake nema mai yatsu da yawa, in shafe shi da farar ƙasa, in kafa a gwangwanin fenti cike da yashi, in naɗe gwangwanin da zane. Yara su yanka takardar kala siri-siri su yi sarƙa, zobe cikin zobe. Taurari kuma kwalin shayi ne, mu naɗe shi da cikin ledar biskit, wajen mai ƙyallin nan.

Wata shekara na ce ba zan sayi gam ba, na dama sitacin rogo. Ya kama kuwa sosai. Kwana uku kafin 25 ga wata muka tashi muka tarar da sarƙar a ƙasa guntu-guntu, kyankyasai sun bi duk mahaɗar sun cinye. Autana ya yi kuka kamar an yi mutuwa. Audugar da ake mannawa wai ta zama ƙanƙara ita ma na daina, hunturu cikin kwana huɗu yake mai da ita ja, kuma mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙarar Turai ba me ya kai mu. Yanzu zangarniyar dawa da ta gero nake ɗaurawa a saman ƙofa, lokacin an gama girbi, kuma mu da muka tashi muna ganin Uhola, bikin girbinmu na Zuru, ado da amfanin gona ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai yin ado da takarda dai ta raba shi da kyandir.

Hajiya Mafara

Ni bangon falona faifai ne, guda 7, babba a tsakiya ƙanana kewaye da shi. Kakata ta koya mini: a tsaga kaba siri-siri, a rina wata da garura, a riƙa naɗawa a kan ciyawa ana hudawa da basilla, daga cibiya ana faɗaɗawa. Ɗaya yakan ci mini mako in ina yi bayan la'asar, don haka ke bana saya za ki yi, ƙanwata. Mu nan ranar Talata kasuwa take ci, matan ƙauye suke kawowa, kuma in kin ɗauki da yawa suna ragi. Ki juya bayansa ki duba, in saƙar ta yi sako-sako ki ajiye. Kada ki rataye inda rana take bugawa ta taga, garura koɗewa take yi. Ƙwarya ma na gwada zanawa da wuƙar da na sa a garwashi, ɗaya ta yi kyau, ta biyun na huda ta na haɗa da babban yatsana.

Uwar Gida, Gusau

Hajiya, ni fa na taɓa rataye faifai. Ƙanwar mijina tana shigowa ta ɗaga kai ta ce, "Anti, tallan fura aka fara?" A daren na sauke.

Hajiya Mafara

Ai da kin ce mata ƙwarya nawa za a dama mata. Iyayenmu da suka jera kwalla da samira da tasa har kusa da rufin ɗaki ba su nemi izinin ƙanwar miji ba. Ki mai da abinki.

Baban Yara, Yawuri

Duk wannan shawarar da kuke yi ƙarshenta mu ake cewa mu hau tsani, to bari in faɗi tawa. Ƙaramar Sallah a 'yan shekarun nan cikin zafi take faɗowa, abin da aka shafa da safe kafin azahar ya bushe. A 2013 kuwa cikin Agusta aka yi ta, tsakiyar marka. Na shafe katangar waje tas ranar jajibere, da azumi a bakina, har maƙwabta suna yi mini sannu. Cikin dare ruwa ya kece. Da asuba na fito na tarar da farin kwance a lungu kamar an kifar da ƙwaryar nono, katanga ta koma yadda take. Sallah kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, Babbar Sallah yanzu a bakin damina take, mai shafen waje ya dubi gabas kafin ya jiƙa ƙasa.

Sannan in layya ta zo kada ku yar da fatar ragon. A shafe cikinta da gishiri a ranar, a kai wa majema. Buzun da ke falona na ragon shekara huɗu ne, duk baƙon da ya shigo a kansa yake son zama, ya bar kujerar da na ci bashi na saya.

Maman Biyu, Birnin Kebbi

'Yan uwa na dawo da rahoto, yau azumi 26. Bangon na ruwa ne, don haka na bi Gwaggo, hannu biyu, har da ƙaro. Na goga bayana a jiki don gwaji, ko ɗigo bai kama ni ba. Filo huɗu na samu na gama, sauran biyun sai bayan Sallah, yatsuna sun ƙi. Faifai biyar na sayo a babbar kasuwa, maigida ya hau kujera ya kafa yana mita, da ya sauko kuma ya ja baya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce na gefen hagu ya karkace.

Matsala biyu. Bangon da ya bushe shuɗi-shuɗi ya fito, ba fari tas ba. Ta biyu, jiya ana shan ruwa Hassan ya tsoma hannu a miyar alale ya manna shi a bangon, yatsu biyar cif, daidai ƙarƙashin faifan. Gwaggo, yaya zan yi?

Gwaggo, Argungu

Ki kankare wurin da wuƙa a hankali har man ya fita, in ba haka ba zai sake ɓullowa. Sauran da ke bokiti ki rufe ki ajiye, daren Sallah bayan yara sun yi kwana ki bi wurin da tsumma, kafin asuba ya bushe. Shuɗin kuwa bula ce ta yi yawa. Na ce kan cokali, ke wane cokali kinka ɗauka?