Ƙwayar omega 3-6-9 ko kifin titus: wanne ya fi wa ƙwaƙwalwa da zuciya amfani?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Kemis-kemis sun cika da ƙwayoyin man kifi, wasu an rubuta omega-3, wasu kuma 3-6-9. Ana ta cewa suna maganin mantuwa da ciwon damuwa, har da zuciya. Don Allah masana, mene ne gaskiyar lamarin, kuma nawa ake sha?

Mai Ilimin Abinci:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki bar 3-6-9 ɗin nan a kan kanta, asarar kuɗi ce. Omega-9 jiki na haɗa abinsa, omega-6 kuwa ga shi nan jingim a man gyaɗa da riɗi da man waken soya da muke girki da su kullum. Wanda ya yi mana ƙaranci shi ne omega-3, shi ma kala uku ne. ALA daga tsirrai yake, EPA da DHA kuma daga kifi mai kitse. Jiki na juya ALA zuwa EPA, amma abin da ke juyuwa ɗan kaɗan ne, na DHA ma ya fi ƙanƙanta. Ga shi DHA ɗin ne ke shiga ginin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da bayan ido.

Babba mai lafiya miligiram 250 na EPA da DHA a haɗe ya ishe shi a rana. Kifi sau biyu a mako, kamar giram 140 kowane ci, zai biya wannan, muddin titus ne ko shawa ko sadin na gwangwani. Tarwaɗar kiwo ba ta da shi sosai. A gasa ko a sa a miya, kada a soya shi ƙayau a man da aka yi ta maimaitawa.

Ɗan Famasi:
Ƙari a kan bayanin Malama: kada lambar gaban kwalba ta ruɗe ki. "1000mg" nauyin man ne gaba ɗaya. Juya bayan kwalbar, galibi za ki ga EPA 180, DHA 120, wato miligiram 300 ke nan kacal. A sha tare da abinci mai maiƙo, ya fi shiga jiki, gyatsar ƙarni ma tana raguwa. Kuma man nan ba ya shiri da zafi. Fasa ƙwaya ɗaya ki sansana, in warin ya yi ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen kifi, ya lalace. Mai juna biyu ta guji man hantar kifi, bitamin A ɗinsa na iya cutar da ɗan tayi.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Batun damuwa a bi shi a hankali. Inda aka ga ɗan amfani shi ne giram 1 zuwa 2 na omega-3 a rana, mai EPA aƙalla kashi 60 cikin 100, kuma a kan maganin asibiti ake ɗora shi, ba a ajiye magani saboda shi. Babban binciken VITAL na Amurka ya bai wa dubban manya giram 1 kullum na kimanin shekara 5, bai hana su kamuwa da ciwon damuwa ba. Mantuwar tsufa ma ƙwayar ba ta warkar da ita.

Aikin omega-3 da ya fi tabbata shi ne rage kitsen jini da ake kira tiragiliserayid, da giram 2 zuwa 4 a rana. Wannan adadin sai da likita, don yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin ya fara tambayar likitansa tukuna.