Turawan Birtaniya mazauna waje sun ce gida ya lalace: idon ɗan ziyara ma'auni ne?

Baban Sadik: Salamu alaikum jama'a. Turawan Birtaniya da suka koma Sifaniya, Dubai ko Ostareliya da zama, in sun leƙa gida hutun mako biyu, da yawansu magana ɗaya suke komowa da ita: ƙasa ta lalace, komai ya yi tsada, shagunan tsakiyar gari a garƙame, ganin likita ya zama jan aiki, gara da muka fita. Ni ina ganin sun fi mazauna gida hango gaskiya. Wanda ke kwana gida ɗaya da yaro ba ya ganin girmansa, sai wanda ya shekara uku bai sa shi a ido ba. Kuma ba sharri suke yi ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a Oktoban 2022. Manyan kamfanonin shaguna ma sun faɗi: Debenhams ta rufe shagunanta a 2021, Wilko ta durƙushe a 2023. A shekarar ce kuma jerin jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan bakwai da rabi. Gani ya kori ji.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Alƙalumanka daidai ne, Alhaji, ma'aunin ne nake ja da shi. Ɗan ziyara kashe kuɗin baƙo yake yi: otal, motar haya, cin abinci a waje sau biyu a yini, tikitin jirgin ƙasa da aka yanka ranar tafiya, wanda shi ne mafi tsada. Mazaunin gari makonni kafin tafiya yake yankar tikiti, in yana da katin rangwame kuma a cire masa kashi ɗaya cikin uku. Abincin gidan cin abinci akwai harajin kaya na kashi 20 a kansa, alhali yawancin cefanen kanti babu wannan harajin, haka kayan sawar yara. Wato baƙo ɓangaren da ya fi tsada kaɗai ya taɓa, sannan ya gwada shi da farashin da ya bari shekara shida baya. Inda yake zaune ma ai farashi bai tsaya jiransa ba: a Sifaniya hauhawar ta kai kashi 10.8 a Yulin 2022, a Ostareliya 7.8 a ƙarshen shekarar. Can a hankali ta riƙa hawa masa har ya saba, ta gida kuwa rana ɗaya ta faɗo masa a ka.

Maman Iman: A ƙara da watan da aka je. A Landan rana ba ta faɗuwa a ƙarshen Yuni sai bayan tara na dare, a Disamba kuwa kafin huɗu na yamma duhu ya shiga. Wanda ya je da rani zai dawo yana kewar gida, wanda ya je Kirsimeti zai dawo yana rantsuwa shi da ƙasar har abada. Ƙasa ɗaya, hukunci biyu.

Auta: To ai su suka ci riba ke nan, Anti. Suna shan rana a waje, in ciwo ya zo su ɗauki fasfonsu su hau jirgi, asibitin gwamnati kyauta ne ga ɗan ƙasa.

Maman Iman: A'a ƙanena, nan ne da yawa ke faɗawa rami. NHS, hukumar asibitocin gwamnatinsu, ba fasfo take dubawa ba, zama take dubawa. Wanda ya tare a wata ƙasa ya fita daga lissafin mazauna, ko da ya shekara talatin yana biyan haraji kafin ya tafi. In ya zo ziyara Ingila, ganin likitan unguwa kyauta ne, sashen gaggawa ma kyauta. Amma da zarar an ba shi gado, ko an tura shi wurin ƙwararren likita, sai a caje shi kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, tun ƙa'idar 2015. In aikin ba na gaggawa ba ne, kuɗi a hannu kafin a taɓa shi. Akwai waɗanda aka keɓe: masu karɓar fanshon gwamnati da suka tare a ƙasashen Tarayyar Turai kafin ƙarshen 2020 kuma suka yi rajistar takardar kula da lafiya ta S1, sai mazauna ƙasashe irin Ostareliya da ke da yarjejeniya, su kuma ciwon da ya taso lokacin ziyara aka ɗauke musu, ba wanda suka taho da shi a yi musu aiki ba. Mazaunin Dubai babu ko ɗaya, sai inshorar tafiya. Wanda ya dawo gaba ɗaya yana da haƙƙi tun ranar farko, amma sai ya nuna shaida: takardar hayar gida, ta aiki, ta jigilar kayansa, ta sa yara a makaranta.

Yaya Babba: Bari in sa baki kan fansho, don a nan bambancin ƙasa da ƙasa ya fi fitowa, kuma ido ba ya ganinsa a hutu. Cikakken fanshon gwamnati sai da shekara 35 na biyan gudummawar inshorar ƙasa, in bai kai goma ba babu ko kwabo. A gida ana ƙara shi duk Afrilu. Mazauna Tarayyar Turai, Amurka, Jamaika da Filifin suna samun ƙarin. Mazauna Ostareliya, Kanada, New Zealand, Afirka ta Kudu da Daular Larabawa ba sa samu, inda ya fara nan yake daskarewa. Ku duba lissafi: wanda ya fara karɓar cikakken sabon fansho a Sydney ta Ostareliya a 2016, fam 155.65 yake samu a mako har yau. Tsaransa da ke Ingila ko Alicante ta Sifaniya fam 230.25 ya karɓa a mako a shekarar 2025/26. A shekarar, tazarar fam 74.60 ce a mako, kusan fam 3,880 a shekara, kuma kullum buɗewa take. Tsofaffi biyu a gaɓa biyu na ruwan Niagara, na ɓangaren Amurka ana ƙara masa, na ɓangaren Kanada ba a ƙarawa. Abin dariyar kuma, in ya je ziyara ya sanar da ofishin fansho, za a biya shi sabon kuɗi na kwanakin da ya yi, yana komawa a mayar da shi tsohon. Wannan ya shafi namu ma: wanda ya gama aiki a Birtaniya ya koma Najeriya ko Gana, nasa daskarewa zai yi.

Baban Sadik: Na ji, amma kuna ta ɗauko tsofaffi. Ku zo kan mai aiki. A Ingila fam 12,570 na farko ne kawai ba haraji, kuma adadin bai motsa ba tun 2021 duk da hauhawar farashi. Abin da ya haura 50,270 kashi 40 ake yanka, ga gudummawar inshorar ƙasa, ga harajin ƙaramar hukuma a kan gida duk wata, har kallon talabijin sai da lasisi, wanda ya kai fam 174.50 a 2025. Injiniya ko malamin makaranta da ke Dubai ba a taɓa albashinsa, harajin kaya ma kashi 5 ne. In ya je gida ya ga takardar albashin tsohon abokin aikinsa ya ce ya tsira, ƙarya ya yi?

Malam Akanta: Bai yi ƙarya ba. A kuɗin da ke shiga hannu Dubai ta yi gaba, wannan ba na musu. Sai dai a cire kuɗin makarantar yara, don ɗan baƙo makarantar kuɗi yake shiga, a cire haya da ake biya da cak ɗaya zuwa huɗu a shekara maimakon wata-wata. Fansho babu, sai kuɗin sallama: albashin kwana 21 kan kowace shekara a biyar ɗin farko, kwana 30 bayan nan, kuma a kan tsurar albashi ake lissafawa, ban da alawus ɗin gida da na mota. Shekarun fanshonsa na gida kuma sun tsaya cak sai in yana biya da kansa. Bizar yawancinsu a jikin aiki take, aiki ya ƙare zama ya kama hanyar ƙarewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ita ziyarar kanta, don tana iya jawo wa mutum harajin da ya gudu. Tun Afrilun 2013 akwai ƙa'idar ƙirga kwana. Shekarar haraji 6 ga Afrilu take farawa, kuma duk ranar da sha biyun dare ta same ka a ƙasar an ƙirga ta. Kwana 183 ka zama mazauni, ba jayayya. Mai cikakken aiki a waje ya tsira in bai wuce kwana 90 ba, kuma ranakun da ya yi aikin fiye da awa uku a Birtaniya ba su wuce 30 ba. Amsa saƙonnin ofis a kwamfuta daga falon surukai aiki ne fa. Wanda bai shiga wannan layin ba sai a ƙirga igiyoyin da ke ɗaure da shi: mata ko ƙananan yara a ƙasar, masauki, aiki, yawan kwanakin shekarun baya. Ga wanda bai daɗe da fita ba, igiya huɗu da kwana 16 sun isa, igiya uku kwana 46, biyu kwana 91. Ɗakin da ke jiranka a gidan iyaye ma igiya ne in ka kwana 16 a ciki. Da an ce kai mazauni ne, albashin Dubai ya shiga hannun masu haraji.

Auta: Na Sifaniya fa, Malam? Su ba su da wannan matsalar?

Malam Akanta: Tasu daban. Tun da Birtaniya ta gama ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, wanda ba shi da katin zama kwana 90 kawai yake da shi cikin kowane 180. Bizar zama ba aiki tana neman shaidar kusan yuro 28,800 a shekara. Asusun ajiyar ISA da ba a yi masa haraji a gida, Sifaniya tana yi masa, kuma kadarar waje da ta haura yuro 50,000 dole a bayyana ta. Ga canji: fansho da fam yake zuwa, cefane da yuro. A 2007 fam ɗaya ya kusa yuro ɗaya da rabi, ƙarshen 2008 sun kusa yin kunnen doki.

Maman Iman: Ni fa Alhaji ina tare da kai a abu biyu. Samun likitan haƙori na gwamnati da ke ɗaukar sababbin mutane ya yi wuya sosai a yankuna da dama, kuma ƙa'idar mako 18 na jiran aikin asibiti an daɗe ba a cika ta ba. Wanda ya saba ganin ƙwararre cikin mako guda da inshorar kamfani, in ya ga mahaifiyarsa tana jiran aikin ƙugu wata da watanni, ba za ka ce masa idonsa ne ba.

Yaya Babba: Akwai kuma waɗanda ziyara ke yi wa akasin haka. Su ga dangi, su ga iyaye sun tsufa, su koma su sayar da komai. Wannan tsohon ciwo ne. Bayan yaƙin duniya na biyu Ostareliya ta riƙa kwasar Turawan Birtaniya a kan fam goma kuɗin jirgi, da sharaɗin zaman shekara biyu, fiye da miliyan ɗaya suka tafi. Wasu suka dawo don kewa, suka tarar gidan da suke tunawa babu shi, suka sake komawa, har aka yi musu laƙabi da ƙwallon tebur. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yanzu komawar ta fi da tsauri. In matarka ba 'yar ƙasa ba ce, tun Afrilun 2024 sai ka nuna albashin fam 29,000 a shekara, da can 18,600 ne. Albashinta na waje ba ya shiga lissafi. Naka na waje ma sai ka haɗa da takardar ɗaukar aiki a Birtaniya da za ka fara cikin wata uku da dawowa, in ba haka ba sai ajiyar fam 88,500 da ta yi wata shida a asusu. Ga kuɗin lafiya fam 1,035 a shekara, ana biyan na shekara uku gaba ɗaya a bizar farko. Yaro mai shirin jami'a kuma sai ya yi shekara uku yana zaune a ƙasar kafin a ɗauke shi ɗan gida, wanda ya biya fam 9,535 a shekarar 2025/26, in ba haka ba kuɗin baƙi zai biya, ninki biyu ko fiye, ba kuma rancen karatu, sai dai in an nuna fitar iyayen ta wucin gadi ce. Shi ya sa masu lura ke dawowa yaro yana shekara 15, ba 17 ba. Banki kuma bai san ka ba, tarihin bashinka ya goge, rangwamen inshorar mota na rashin haɗari yawanci shekara biyu yake yi ya mutu.

Baban Sadik: Yaya, duk wannan ai hujjata kake ƙarfafawa. Ƙasar da ɗanta zai dawo da iyalinsa sai ya nuna fam 88,500, wanda ya ce ta canza bai yi kuskure ba. Ban janye ba.

Malam Akanta: Canzawa kam ta canza. Cewa waje ya fi, shi ne mako biyu ba ya iya nunawa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Mai son gwaji na gaske ya kama hayar gida a garin da zai iya zama, ba inda dangi ke yi masa girki ba, ya biya wuta da gas da kansa, ya hau jirgin safe na masu zuwa aiki, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu.

Auta: Malam, Nuwamba, Disamba da Janairu kwana 92 ne. Kai ka ce iyaka 90.

Malam Akanta: Ka kama ni. To ya rage mako biyu, kuma ya cire kwanakin da ya riga ya yi da rani. Ko ya zo tsakiyar Fabrairu ya tafi tsakiyar Mayu, zaman ya rabu gida biyu a 6 ga Afrilu, kusan kwana 50 a shekarar haraji ɗaya, 40 a ta biyu.

Baban Sadik: Wato ya tarar da furanni sun fito, yini ya fara tsawo, sannan ya yanke hukunci. A'a Malam, Janairu dai.