Karena na firgita da ƙarar nokawut, me zan yi?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Ina Jos, kuma kun san da Disamba ta kama yara sai nokawut har sabuwar shekara. Karena da ya ji ƙarar sai karkarwa, ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi cin abinci, bara ma tsinke sarƙa ya yi sai da safe muka same shi a bayan layi. Don Allah shawara.

Amsa ta 1:
Ɗan uwa daina ɗaure shi a tsakar gida. Kunnensu ya fi namu ji nesa ba kusa ba. Ka ba shi abinci kafin magariba, ka sa shi a ɗaki ko sito, ka rufe taga, ka kunna rediyo ya danne ƙarar. In ya ɓuya ƙyale shi kawai, kar ka doke shi, tsoron ƙaruwa yake.

Amsa ta 2:
Nawa tun Nuwamba nake kunna masa ƙarar a waya ƙasa-ƙasa ina ba shi nama, a hankali nake ƙarawa. Bai warke duka ba gaskiya amma da sauƙi.

Amsa ta 3:
Kar dai ka ba shi maganin mutane, ibuprofen na iya lalata masa ƙoda. Je wajen likitan dabbobi tun yanzu.

Mai tambaya:
Na gode sosai, yau zan share siton.