Injin fatsata ya faɗa ruwan teku, yanzu hannunsa ya cije

Mai Fatsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar ina kan duwatsun bakin teku, na ajiye sandar ina ɗaura ƙugiya, sai igiyar ruwa ta taso ta share ta. Injin naɗe zaren ya yi kamar minti biyu a ruwa kafin na ciro shi, duk ya sha yashi. Da na koma gida na tara shi a famfo, na goge, na shanya, kuma a ranar lafiya lau yake juyawa. Yau kwana biyar, hannun ya yi nauyi, ina jin ƙaras-ƙaras a ciki, wani lokacin ma sai ya zame ya koma baya. Wani farin gari ya fito a gefen sukurorin. Na fesa man sassauta tsatsa na WD-40, ya saki na yini ɗaya ya sake cijewa. Marigayi mahaifina ne ya bar mini shi, ba na son in rasa shi. Zai gyaru kuwa?

Tsohon Masunci:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Zai gyaru in sha Allahu, amma fa kada ka ƙara juya hannun nan, yashin da ke ciki cin haƙoran giyar yake yi.

Wankin da ka yi, bayansa kawai ya taɓa, ɗana. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ruwan ya bushe, gishirin yana nan kwance a ciki yana jawo laima. Farin garin da ka gani alminiyam ne ya fara ciwuwa, domin inda ya haɗu da sukurun ƙarfe, in ruwan gishiri ya shiga tsakani, shi ne ke shan wuya.

Dole ka buɗe shi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da za ka cire ka ɗauki hotonsa tukuna, ka jera su bi da bi. Akwai wasu washa sirara kamar takarda a jikin babbar giyar. Ɗaya ta ɓata, hannun ya dinga lilo ke nan. Za ka tarar giris ɗin ya koma fari-fari kamar madara. Ka kwashe shi tas da tsohon burushin haƙori, ka wanke ƙarafan da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, su bushe sarai. Boris kuwa, wato ƙananan zobban ƙarfen nan masu ƙwallaye a ciki da ke sa sassan injin juyawa sumul, ka jiƙa su a sifirit, sannan ka soka kowanne a bakin fensir ka murza kusa da kunnenka. Wanda ya yi gurnani ya gama aiki, kada ka ɓata lokaci a kansa. Ka auna raminsa da faɗinsa da kaurinsa a milimita, ka nemo irinsa. Wajen mayarwa, giris kaɗan a haƙoran giya, ɗigon mai ɗaya a kowane boris.

Bakanike:
Baba ya gama magana, sai dai zancen komawa bayan nan. Akwai boris na musamman a ƙarƙashin kan da ke juyawa, mai tafiya gefe ɗaya kawai. Ko dai tsatsa ta kama shi, ko kuma feshin da ka yi ya narko da giris ya gangaro cikinsa. Shi ba ya son giris sam, zamewa yake yi. Ka wanke shi, ka shafa mai ɗan ƙyas. Ka lura da fuskar da ke sama, ni na taɓa kifa shi, hannun ya koma juyawa baya kaɗai, sai da na sake kwance komai. Kada ka manta da ɗan gangaren da zare ke bi ta kansa, shi ne ke fara tsatsa, in ya tsaya kuma zai goge maka zare har ya tsinke.

Mai Fatsa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na buɗe shi jiya da dare. Giris ɗin kamar yadda Baba ya faɗa, har da yashi a ciki. Boris biyu sun mutu, giyar dai ba ta ci ba, alhamdulillahi. Na ciro washan birki, wato masu riƙe zare in kifi ya ja, daga kwarkwaron zaren, baƙaƙe ne masu saƙa-saƙa, suna da danshi. Su ma in wanke?

Tsohon Masunci:
Na kabon ne, suna da juriya. Ka goge su da sifirit, su bushe, ka shafa giris ɗin birki har sai ya kusa ɓacewa a yatsanka. Nan gaba in za ka ɗauraye injin, ka ɗaure birkin tam, ka yayyafa ruwa a hankali, ban da tiyo mai ƙarfi. In ya bushe ka sassauta birkin kafin ka ajiye. Ka turo mana hoton boris ɗin nan mai gefe ɗaya mu gani kafin ka rufe.