Manhajar waya ko shafin intanet? A taimaka min da shawara

Salamu alaikum jama'a. Ni daga wani ƙauye nake a yankin Gumel. Bara Baba ya sayar da riɗinsa a bakin gona, ranar Alhamis sai muka ji kuɗin da buhu ya yi a kasuwar Maigatari, har yau abin bai bar raina ba. Shi ne nake son kafa wani abu da zai riƙa nuna wa manoma farashin riɗi da zoɓo a Maigatari, Gujungu da Dawanau, ya kuma haɗa su da masu saye. Jarina kuɗin raguna huɗu ne da na yi kiwo. Mai haɗa min ya ce in zaɓa: manhajar da ake saukewa a waya, ko shafin da ake buɗewa a burauza. Kuɗin manhajar ya ninka na shafin. Zuciyata dai manhaja take so, don ta fi kwarjini. Me kuka gani?

Mai haɗa manhaja, daga Kano: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwarjini ba ya kawo ciniki. Fara da shafi. Manhaja tana da jidali: rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara, kodayake iPhone ka manta da ita, mutanenka Itel da Tecno suke riƙewa. Sannan sabon asusu na mutum ɗaya sai ka samo mutum 12 sun gwada manhajar kwana 14 a jere kafin Google su bari ta fita. Duk gyaran da ka yi sai ka tura an duba, sannan ka yi ta roƙon mutane su sabunta. Shafi kuwa ka gyara da safe, da hantsi kowa ya gani. Kuma ana iya gina shi yadda mutum zai ajiye tambarinsa a fuskar waya kamar manhaja, PWA ake ce masa. Ka tambayi mai haɗa maka ko ya iya.

Wata malamar makaranta, Ringim: Gaskiya ne. Wayata kullum kuka take ta cika, in zan sa sabon abu sai na goge hotunan biki. Link kuwa in an turo a WhatsApp, dannawa ɗaya ne.

Mai POS, Taura: Ni ban yarda duka ba. A garinmu sabis sai ka hau tudu. Manhaja tana riƙe bayanai a cikin waya, in ka samu sabis ta ɗauko sabo. Shafi fa in babu data sai fari fat.

Mai haɗa manhaja: Malam, PWA ma tana iya ajiye farashin ƙarshe da aka buɗe. Amma farashin jiya ko a manhaja na jiya ne.

Wani dillalin hatsi, Gujungu: Yaro, bari in tambaye ka. Babanka wace waya ce a aljihunsa? In raka-ni-kashi ce irin tawa, to duk wannan gardamar ba da shi ake ba. Mu kira muka sani, sai saƙo, sai lambobin nan na banki masu tauraro. Sannan wa zai riƙa kawo maka farashin? Ranar Lahadi a nan, kuɗin safe daban, na bayan la'asar daban, in motocin Kano sun cika sai ya sauka. Riɗi kuma akwai fari tas, akwai mai ƙasa, ba kuɗinsu ɗaya ba. Ka nemi amintacce a kowace kasuwa tukuna. Ka buɗe rukunin WhatsApp da 'ya'yan manoman, ka riƙa tura farashi da murya, don da yawa ba sa karanta boko. Ka yi kaka guda a haka, ragunanka ba su tafi ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Alhaji, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, wayar Baba mai maɓalli ce. Na fasa manhajar a bana. Zan fara da rukunin da ƙaramin shafi. In na shigo Gujungu ran Lahadi, a wace rumfa zan same ka?

Dillalin hatsi: Ka zo da wuri, layin 'yan riɗi. Bayan azahar ba na samun kaina.