Kwamfutocin VLAN 20 sun ƙi samun adireshi

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutocin wani ofishi a Adum, nan Kumasi. Na raba suwich ɗinmu na Cisco, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, gida biyu, kowane rukuni ana ce masa VLAN: VLAN 10 na masu lissafin kuɗi, VLAN 20 na sauran ma'aikata a bene. Sabar DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshin IP, tana cikin 10, kuma 'yan 10 lafiya lau. 'Yan 20 kuwa sai adireshi mai farawa da 169.254 suke nunawa. Aiki ya tsaya cak, don Allah a taimaka.

Malamin Nima: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan lambar kwamfuta ce ke ba kanta idan ta nemi DHCP ba a amsa mata ba. Roƙon adireshi shela ce, ba ta ƙetare iyakar VLAN. Je inda ƙofar fitar VLAN 20 take, rauta ko suwich, ka sa `ip helper-address` da adireshin sabar, don a miƙa mata roƙon. Sannan ka tabbata sabar tana da jerin adireshin da aka ware wa 20.

Hajiyar Asawase: Gaskiyar Malam ce, amma fara duba wayar da ta haɗa suwich na ƙasa da na bene. Buga `show interfaces trunk` ka ga ko an bar 20 ta wuce. In ba a bar ta ba, wajen ƙara ta kar ka manta kalmar `add`, in ba haka ba sauran VLAN za su goge daga jerin masu wucewa.

Ɗan Aboabo: Na gode, Hajiya, 20 tana wucewa. Maganar Malam ce, adireshi ya fara zuwa.

Malamin Nima: Madalla. Buga `write memory` yanzu don adana saitin, kafin dumso, wato ɗaukewar wuta, ya share aikin.